RUWAN DUTSE DA ƘASAR DA YA KE ƊAUKEWA

Zuwa ga manoma da dagatai na ƙasashen duwatsu da gangare.

Ko wanenku ya san irin ƙoramar nan ta gindin dutse wadda ta ke bushewa ƙayau da rani, har yara su yi ta wasa cikin rairayinta. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi bisa dutsen kuwa, kafin mutum ya gama cin tuwo ta cika ta batse, ruwanta ja wur, tana ruri, tana mirgino duwatsu. Kashegari sai a iske ta ƙafe, ta zuba rairayi cikin gonar wani, ta yanke gefen gonar wani. Wannan takarda za ta bayyana inda ruwan nan ya ke fitowa, da abin da ya rina shi, da inda ya ke kai kayan da ya ɗauka, da dabarun da a ke yi a rage ɓarnarsa. Misalinmu za mu ɗauko shi daga ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, gama mutanen can sun sha wahalar wannan abu ƙwarai, sun kuwa yi aiki babba dominsa. Amma maganar ta shafi ko wane gari mai tudu bisa kansa da fadama a ƙarƙashinsa.

1. SORO DA INDARARO

Ku dubi rufin soro da damina. Duk ɗigon da ya faɗa bisa rufin, ko a tsakiya ko a kusurwa, ƙarshensa ta indararo zai fita. In rufin babba ne, indararon ya zubo da ƙarfi. In ƙarami ne, ya zubo kaɗan. Haka ƙasa ta ke. Ko wace ƙorama tana da nata rufi, watau dukan filin da ruwansa ke gangarowa cikinta, tun daga ƙwanƙolin dutse har bakin fadama. Wannan fili shi za mu riƙa kira magangara cikin takardan nan. Iyakar magangara ita ce doron tudu inda ruwa ke rabuwa biyu, wani ya bi gabas, wani ya bi yamma.

Magangara a Adar hawa huɗu gare ta. Can bisa akwai fako shimfiɗaɗɗe, mai tsakuwa da marmara, mai tauri. Daga bakin fakon sai jikin dutse mai tsananin gangara, inda awaki kaɗai ke jin daɗin hawa. Daga gindin dutsen sai gangare mai sauƙi, inda yawancin gonakin gero su ke. Sa'an nan sai kwari da fadamarsa, kamar kwarin Keita, da na Badagishiri, da na Majiya, inda a ke noma dawa da damina, a yi albasa da rani. Hawan nan huɗu jiki ɗaya ne. Abin da aka yi wa fako, fadama za ta ji shi, ko da masu su ba su san juna ba.

2. YAWAN RUWAN DA KE SAUKA

Ruwan sama da zurfinsa a ke auna shi. Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ɗora shi bisa turke a fili, nesa da itace da ɗaki. In ruwa ya ɗauke, ka tsoma ma'auni ka ga zurfin abin da ya taru. In ka iske milimita 25, watau inci guda, to, da ƙasa ba ta sha ba, da kuma ruwan bai gudu ba, da zurfinsa ke nan ko ina bisa gonarka.

Milimita guda ƙaramin abu ne a ido, bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Amma bisa hekta guda, watau fili mai mita 100 ta ko wane gefe, wajen eka biyu da rabi, milimita guda ta yi lita 10,000, cikin ganga 50 ke nan irin mai cin lita 200.

Ga misali. A ce magangarar ƙoramar garinku hekta 100 ce, ƙarama ke nan, mutum ya kewaye ta da ƙafa cikin sa'a guda. A ce aka yi ruwa milimita 40 cikin sa'a guda. Abin da ya sauka ganga 200,000 ne. In rabinsa ya gudu bai shiga ƙasa ba, ganga 100,000 za su nemi fita ta indararo guda; in cikin sa'a guda suka wuce, wajen ganga 28 ke nan ko wace daƙiƙa. In kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya gudu, ganga 20,000 kaɗai ƙoramar za ta ɗauka, sauran 180,000 sun tsaya wurinku.

Ruwan shekara a yankin Keita ba shi da yawa, yawancin shekaru tsakanin milimita 300 da 450 ya ke. Duk da haka ƙoramun can suna ɓarna, domin ɓarna ƙarfin saukar ruwa ta ke bi, ba jimlarsa ba. Ruwan da ya yini yana yayyafi, ƙasa ta kan shanye shi sarai. Shi ɗin dai in ya zubo cikin rabin sa'a kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ba ta samun zarafin sha. Masu awo sun lura ruwan da saukarsa ba ta kai milimita 25 cikin sa'a ba, bai cika cin ƙasa ba. Sau da yawa kuma, mafi yawan ƙasar da magangara ke hasara cikin shekara, manyan ruwaye biyu ko uku ne ke tafiya da ita.

3. ABIN DA ƊIGO KE YI

Ɓarna tana somawa tun ruwa bai fara gudu ba. Babban ɗigo yana faɗowa da gudun wajen mita 9 cikin daƙiƙa. In ya sami ganye ko kara, nan ƙarfinsa ya ƙare, ya silalo a hankali. In ya sami ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, ya watsa ƙwayoyinta sama. Kun sha ganin haka a gindin bango, inda laka ke fantsama har ta kai gwiwa. A shimfiɗaɗɗen wuri ƙwayoyin su kan koma kusa da inda suka tashi. A gangare kuwa waɗanda suka faɗa wajen kwari sun fi yin nisa, sabo da haka ko wane ɗigo yana tura gona kaɗan zuwa gangara.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ta fi wannan. Ƙwayoyi masu laushi da ɗigo ya warware su kan toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga ƙasa. In rana ta fito sai wurin ya yi ɓawo mai tauri. Yadda mata ke bugun ɗaki da madaɓi har ruwa ya daina shigarsa, haka ɗigo ke yi wa gonar da ba ta da rufi. Hanyar da gona mai kyau ke bi ta koma fako ke nan.

An gwada wannan a fili. Cikin shekarun 1950, a ƙasar da a ke kira Zimbabuwe yanzu, wani masani mai suna Norman Hudson ya keɓe filaye biyu masu gangara ɗaya, dukansu ba ko ciyawa. Ɗaya ya bar shi a buɗe. Ɗayan ya shimfiɗa ragar waya irin ta hana sauro a bisansa, ba ta taɓa ƙasa ba, domin ruwa ya wuce duka amma ɗigon ya farfashe tukuna. Aka yi shekaru ana tara ƙasar da ruwa ya kwaso daga ko wanne ana aunawa. Ƙasar da buɗaɗɗen filin ya yi hasara ta fi ta mai raga sau ɗari da ɗoriya. Ruwan da ya sauka musu ɗaya ne, bugun ɗigo kaɗai aka hana. Ku kuma kuna da irin ragan nan, ba ta kuɗi ba: ganyen wake da na gyaɗa, da karan da aka bari a gona, da ciyawa, da inuwar sabara.

4. RUWAN DA YA SHIGA DA WANDA YA GUDU

Ruwan da ya sauka hanya biyu gare shi, ko ya shiga ƙasa ko ya bi bisanta. Wanda ya shiga shi ne dukiya. Shi ke riƙe gero in an yi kwana goma ba ruwa da tsakiyar damina, shi ne kuma ke tafiya a hankali ta ƙarƙashin ƙasa har ya kai rijiyoyin fadama da rani. Wanda ya gudu kuwa hasara biyu ce, gama ya tafi, ya kuma tafi da ƙasa.

Jigawa mai rairayi tana shan ruwa da sauri, fako da laka a hankali. Gonar da ta sha taki, mai ruɓaɓɓen ganye da ramukan gara da tana, tana sha fiye da wadda aka gajiyar. Wurin da dabbobi ke tattakewa kullum, kamar burtali da bakin rijiya, ba ya sha sai kaɗan. Ƙasar da ta ƙoshi da ruwan jiya ba ta da wurin na yau.

Sabo da haka lokaci biyu ne abin tsoro. Na fari shi ne ruwan shuka, sa'ad da an kwashe kara, dabbobi sun cinye abin da ya saura, an yi sassabe an ƙone, ƙasa ba ta da sutura ko kaɗan. Na biyu shi ne watan Agusta, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, ruwa na bin ruwa.

5. GUDU SHI NE ƘARFIN RUWA

Ruwan da ke kwance ba ya ɗaukar kome. Gudu ke ba shi hannu. Bisa lissafin masana, in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa ya ninka huɗu, nauyin dutsen da ya ke iya mirginawa kuwa ya ninka har wajen sau 64. Watau ruwan da ɗazu tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ya ke turawa da ƙyar, in gudunsa ya ninka sai ya tura dutse kamar ƙwan kaza. Abu uku ke ƙara masa gudu: tsananin gangara, da tsawon hanyar da ya bi ba abin da ya tare shi, da taruwarsa wuri guda.

Cin ƙasa daki-daki ya ke zuwa. Da fari ruwa ya kan bi fuskar gona duka, siriri, ya wanke ta kamar an share da tsintsiya. Wannan ba a ganinsa, sai bayan shekaru mai gona ya ga tsakuwa ta yi yawa, saiwoyin itace sun fito fili, har ya ce duwatsu na tsirowa a gonarsa. Duwatsun suna nan inda su ke, ƙasar da ta rufe su ce ta tafi. Daga nan ruwan ya taru cikin ƴan hanyoyi kamar sawun kaza, waɗanda fartanya ke shafewa. In an ƙyale su, su haɗu su zama kwazazzabo wanda jaki ba ya ƙetarewa.

Kwazazzabo da baya ya ke tafiya. A kansa akwai wurin da ruwa ke faɗowa kamar daga indararo, ya ƙwaƙule gindin gaɓar, gaɓar ta zube, kan ya matsa wajen tudu. Ko wace damina ya ƙara cin gona, ya kuma yi rassa. Banda wannan, yana tsotse laimar gonakin da ke gefensa, kamar yadda lambatu ke janye ruwa. Galibi asalinsa ƙaramin abu ne: hanyar ƙafa da ta miƙe daga dutse zuwa rijiya, ko burtali, ko kunyar da aka ja ta bi gangara, ko ruwan da aka karkato daga hanyar mota. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. YADDA ƘORAMA KE ƊAUKAR KAYA DA INDA TA KE SAUKEWA

Kaya iri uku ƙorama ke ɗauka. Akwai wanda ya narke, kamar gishirin taki da na toka, ido ba ya ganinsa. Akwai wanda ke yawo cikin ruwan, watau laka da yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, shi ke rina ruwa ja ko baƙi. Akwai kuma mai nauyi, rairayi da tsakuwa da duwatsu, wanda ke birgima yana tsalle a ƙarƙashin ruwan; shi ne rurin nan da ku ke ji da dare.

Ka gwada da kanka. Ka ɗebi ruwan ƙorama ran da ta kawo, ka cika kwalba, ka ajiye. Rairayi zai kwanta kafin minti guda ko biyu. Laka mai laushi sai bayan sa'o'i. Yumɓu kuwa ya kan kwana, har ya yi kwanaki, ruwan bai washe ba. Haka ƙorama ke sauke kayanta in gudunta ya ragu: mai nauyi tukuna, mai laushi daga baya. Duwatsu su tsaya a gindin dutse. Tsakuwa da rairayi su bazu inda gangara ta yi sauƙi, watau bisa gonaki da bakin fadama. Laka da taki, waɗanda su ne maikon ƙasa, su wuce nesa.

Da can, sa'ad da tuddai ke da itatuwa, ruwa ya kan iso fadama a hankali, ya bazu, ya bar laka mai daɗi, ya jiƙa ƙasa har ƙarƙashi. Da tudu ya tsiraita, sai ruwan ya riƙa zuwa gaba ɗaya da ƙarfi, ya haƙa wa kansa hanya mai zurfi tsakiyar kwari, ya daina bazuwa. Fadama ta rasa ruwa da laka, ta sami rairayi. Abin da ya wuce kuma ya je ya cika tafkuna da madatsun ruwa, kamar yadda laka ta cinye wuri mai yawa cikin madatsar Ibohaman ta yankin Keita. Ruwa bai san iyakar ƙasa ba: na Majiya yana ƙetarowa Nijeriya har tafkin Kalmalo cikin jihar Sakkwato.

Ga lissafin hasarar. In ruwa ya wanke kaurin milimita guda daga hekta guda, ƙasar da ta tafi ta kai wajen tan 14, watau buhu 140 irin mai kilo 100. Da wani ya zo da dare ya kwashi buhu 140 na ƙasa daga gonarka, da ka kai ƙara wurin dagaci. Kafin dutse ya ruɓe ya mayar da santimita guda na ƙasa kuwa, a kan yi shekara ɗari ko fiye.

Wani gargaɗi kuma. Ƙaramar magangara mai gangara ba ta ba da sanarwa. Ruwanta ya kan iso cikin ƙasa da sa'a guda, wani lokaci ma ko ɗigo bai sauka inda ka ke ba. In ka ga hadari ya rufe dutse, kada ka sauka da dabbobi cikin ƙorama, kada ka bar yara su yi wasa ciki, kada kuwa ka ce za ka ƙetare ruwa mai gudu ko da iyakar gwiwa ya ke. A kan jira ya wuce, gama ba ya daɗewa.

7. ABIN DA AKA YI A ADAR

Mazauna duwatsu sun daɗe da sanin maganin wannan. A duwatsun Mandara, wajen Gwoza da Sukur, tun kaka da kakanni a ke gina wa gangare matakala da duwatsu, ko wace gona ta zama shimfiɗaɗɗiya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Adarawa kuma suna da jeren duwatsu na gargajiya da su ke yi a gona su tare ruwa.

Amma farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa da yawa a Adar, jama'a kuwa ta ƙaru, aka sare abin da ya saura domin girki da sababbin gonaki. A 1984 aka soma babban aikin Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun mata ne, gama maza sun tafi cin rani, ana biyansu da abinci. Hikimar aikin ita ce an ɗauki magangara duka, ko wane hawa da irin maganinsa: kunyoyi masu duwatsu bisa fako, ramukan dashe a jikin dutse, shingayen dutse cikin ƙoramu, madatsai a kwari. Zuwa farkon shekarun 2000 an gyara fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Inda aka tare ƙoramu, ruwan rijiyoyi ya matso kusa, lambuna suka yawaita.

A yankin Illela ta Nijar kuma, waɗansu manoma sun tafi Yatenga ta ƙasar Burkina Faso a 1989, suka ga yadda a ke gyara ramukan shuka, suka dawo suka gwada. Ramukan nan, da a ke kira tassa, sun bazu daga gona zuwa gona, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

8. A FARA DAGA BISA

Wanda ya ga ɗakinsa na yoyo ba ya gyaran daɓe, rufi ya ke hawa. In aka fara da gina babban shinge a fadama alhali tudu na tsirara, ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe shi. Ga aikin bi da bi.

Bisa fako. A yi jeren duwatsu a gicciye da gangara. A tona ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10, a kafa manyan duwatsu ciki, a cusa ƙanana ta wajen tudu, tsayin jeren ya kai wajen santimita 25. Tsakanin jere da jere mita 15 zuwa 30, in gangara ta fi tsanani a matso da su. Dutse ya fi kunyar ƙasa a nan, domin yana tace ruwa, ya riƙe laka, ya bar ragowar ta wuce a hankali. Lalle jeren ya bi daidai, kada wani gefe ya fi wani gangarawa, in ba haka ba ruwa ya taru wuri guda ya fasa. Ido yana ruɗi. A auna da dogon tiyo mai haske cike da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu ga sanduna biyu masu alama iri ɗaya. Inda ruwan ya tsaya bisa alama ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan tsayinsu ɗaya. Tsakanin jere a haƙa tassa da rani, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, a tara ƙasar ta wajen gangara, a zuba taki cikin tafi biyu. Ko a yi rabin wata, bakinsa na duban tudu. Kara da rassan da aka shimfiɗa bisa fako suna kiran gara, ita kuwa ta huda ɓawon.

A jikin dutse. Nan ba wurin noma ba ne. A bar shi ga itace da ciyawa. A Keita an haƙa ramuka masu tsawon mita 3, faɗi da zurfi santimita 60, ko wanne yana riƙe ruwa fiye da ganga 5, jere bisa jere a saɓa, domin abin da ya tsere wa na bisa ya faɗa na ƙasa. Cikinsu a ke dasa ɗakwara da bagaruwa da irinsu. A tsare wurin daga awaki har dashen ya fi ƙarfinsu.

A gonakin gangare. A ja kunya a gicciye, kada ta bi gangara. A bar layin gamba ko jema tsakanin gona da gona. A haɗa gero da wake domin ƙasa ta rufu da wuri. Kada a kwashe kara duka, kada a ƙone saura. Wajen sassabe a bar tohon sabara da kalgo da gawo, a gyara su su tashi, abin da a ke kira sassaben zamani.

Cikin kwazazzabo. A tare shi tun yana ƙarami, daga kansa a gangaro. Ƙananan shingaye da yawa sun fi babba guda. Ko wanne kada ya wuce ƙugu, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa domin ruwa ya bi ta nan, gefensa biyu su shiga cikin gaɓa sosai don kada ruwa ya zagaye. A shimfiɗa duwatsu a inda ruwan ke faɗowa, kamar yadda a ke sa dutse ƙarƙashin indararo. Kan shinge na ƙasa ya yi daidai da gindin na bisansa. In laka ta cika bayan shingen, a dasa ciyawa da itace su riƙe ta. Babbar ƙorama kuwa sai da kwandunan waya cike da duwatsu, da shawarar malamin gona.

9. GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Manomi guda yana iya gyara gonarsa, amma ba ya iya gyara magangara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da ke wuyanku.

Na ɗaya, ku zagaya magangarar garinku da ƙafa tare da dattawa kafin damina, daga fako har fadama, ku san inda ko wane ruwa ke tasowa. Ku kafa turke a kan ko wane kwazazzabo, bayan kaka ku auna abin da ya ci.

Na biyu, ku yanke maganar mallaka tun ba a ɗauki dutse ko guda ba. Fakon da ba mai kula da shi, ran da ya yi gero masu shi za su yawaita. Wanda aka ba aron gona kuma ba zai sha wahalar gyaranta ba sai ya tabbata ba za a karɓe ta ba da ta yi kyau.

Na uku, kada ku yarda wani ya karkatar da ruwan gonarsa ya zuba cikin ta maƙwabcinsa. Mai tudu ya rage gudun ruwa, mai gangare ya ba shi hanya mai ciyawa.

Na huɗu, ku zauna da makiyaya ku daidaita wurin da za a tsare da wurin da za a bari, da shekarun tsaron. Kada a toshe burtali. In yana cin ƙasa a gyara shi da duwatsu. Ciyawar da ta fito a wurin da aka tsare, a yanka a raba, su ma su ga amfaninta.

Na biyar, ku hana saran itace a bakin ƙorama da jikin dutse, da sa wa daji wuta.

Na shida, in ƙoramarku daga ƙasar wani gari ta fito, ko ta gangara zuwa wani, ku nemi dagacin can ku yi shawara gaban hakimi.

Na bakwai, bayan ko wane babban ruwa a fita a duba jere da shingaye. Dutse guda da ya goce, in an mayar da shi yau aikin yaro ne. In an bari sai baɗi, gayya ba ta isa ba.

Aikin dutse da rani a ke yinsa, tun daga bayan kaka har zuwa bazara. Garin da bai taɓa yi ba, ya zaɓi ƙaramar ƙorama guda, ya gama da ita daga bisa har ƙasa. Da damina a cika kwalba biyu, guda daga wadda aka gyara, guda daga wadda ba a taɓa ba, a ajiye su a ƙofar dagaci kowa ya gani.